Amsa ga ƙanena mai tambayar huji a kan ƙarfe mai gangare

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce an kawo maka ƙarafa ɗari biyu, fuskarsu a karkace take kamar digiri 20, ana son huji na milimita 10, kuma duk sanda ka sauke diril sai bakin ya zame gefe, hujin ya bar inda aka yi alama.

To, ba hannunka ba ne. Bakin diril kaifi biyu gare shi, kuma a kan gangare ɗaya ne ke fara taɓa ƙarfen, ɗayan yana cin iska. Wanda ya taɓa sai ya tura bakin ƙasa-ƙasa. Baki mai tsawo lanƙwasawa zai yi, huji ya fito a karkace. In kuwa na kabayid ne, wato baki mai tsananin tauri, shi ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi, kuɗinka ya tafi.

Gangaren da bai wuce digiri 5 ba, rage saurin dannawa kawai, ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku na yadda ka saba, har sai bakin ya shige duka. Amma naka digiri 20 ne. Daga 10 zuwa sama, fancin alama, wato ɗan ramin da ake bugawa don bakin ya zauna, ba zai cece ka ba, komai zurfinsa. Sai ka fara share wurin ya zama shimfiɗaɗɗe. In kana da injin milin, mai fere fuskar ƙarfe, sa en-mil, wato baki mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, mai faɗin hujin ko ya ɗan fi, ka sauke shi ya ci gangaren har ka ga da'ira cikakkiya tana ƙyalli, ba rabin wata ba. Sannan ka sa santa diril, ɗan baki mai kauri na fara huji, ka biyo da guntun baki. Guntu fa, kada ka ɗauko dogon nan don shi ne a kusa.

Amma ni da aikin nawa ne, ɗari biyun nan jigi zan haɗa musu, wato mazauni mai riƙe aikin yana kuma nuna wa bakin hanya. Ka samu ƙarfe mai kauri ka yanke shi daidai gangaren, yadda aikin zai zauna a ciki ba ya motsi, ka sa bushi, wato ɗan bututun ƙarfe mai tauri, inda bakin zai bi. Ƙasan bushin ka fere shi ya kwanta da gangaren, ya matso kusa da aikin sosai. A shimfiɗaɗɗen wuri mukan bar tazara don ɓarɓashi ya fita, amma nan kana barin tazara bakin zai samu wurin gudu. Sai dai ka riƙa ɗagowa kana sharewa. Haɗa jigin zai ci maka yini, amma daga nan ko yaron shago ka ɗora, hujin farko da na ƙarshe wuri ɗaya za su faɗa.

Gudun inji kuma, baki na yau da kullum a ƙarfe mai laushi, juyi 800 zuwa 900 a minti ya isa, da ruwan sanyaya.

Abin da ba ka faɗa ba shi ne bayan ƙarfen. In can ma a karkace yake, lokacin fita kaifi ɗaya zai riga ɗaya ɓullowa, a nan baki yake cafkewa ya karye. Kana jin ya kusa ɓulla ka sassauta hannu. Turo min hoton bayan, da irin injin da ke shagonka, in ga yadda jigin zai zauna.