Amsar tambayar cif ɗin PlayStation 1, kamar yadda aka faɗe ta a murya

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa, na ji saƙonka, na ga rubutu ba zai ɗauke maganar ba shi ya sa na ce bari in yi murya. Ka ce ka samu PlayStation 1 da tsohon cif a ciki, wato ɗan abin nan da ake haɗa wa injin don ya karanta faifan kwafi ko na wani yanki, wasu faifan suna tashi lafiya, wasu kuma da sun fara sai allo ya yi baƙi, wata jar da'ira ta fito da rubutu cewa an dakatar da wasan. Kana tambaya ko ka cire cif ɗin ka sa sabo.

To eh, za a iya canjawa, kuma da alama shi ne maganin. Amma don Allah kada ka kunna ayan ɗin soda, wato ƙarfen narka dalma, tukuna. Ka bari in gaya maka abin da ke faruwa a ciki, don ka san me kake taɓawa.

Ka ga faifan asali na Sony, a can cikinsa kusa da rami, layin da lens, wato idon da ke karanta faifai, ke bi ba miƙaƙƙe ba ne, yana ɗan lanƙwasa kamar tafiyar maciji. A cikin wannan lanƙwasar aka ɓoye haruffa huɗu. SCEI na Japan, SCEA na Amurka, SCEE na Turai. Injin yana tashi zai nemi haruffan yankinsa, in bai ji su ba ya ƙi. Na'urar kwafar faifai ta kwamfuta ba ta iya yin wannan lanƙwasar. To aikin cif ɗin duka bai wuce ya riƙa faɗa wa injin waɗannan haruffan ba, kamar daga faifan suka fito. Shi ke nan fa. Ɗan abu ne mai ƙafa takwas, yawanci PIC 12C508, da waya huɗu.

Matsalar tsofaffin ita ce ba sa yin shiru. Tun daga kunnawa har kashewa suna ta maimaita haruffan. Daga wajajen 1998 zuwa 1999 sai masu yin wasanni suka gano haka, suka sa wasan ya saurara a lokacin da lens ya riga ya bar wurin lanƙwasar. In har yanzu ana jin haruffan, to an san akwai cif. Jar da'irar da kake gani ke nan. Wasan Spyro na uku, wanda ya fito a 2000, yana cikin masu yin haka. Kuma abin da ke ba mutane mamaki, ko faifan asali ka sa zai yi maka hakan, domin cif ɗin ake kamawa ba faifan ba.

Sababbin su ne masu faɗa a farko su yi shiru. Akwai MM3, akwai Mayumi v4, akwai PsNee. Ni Mayumi na fi so, saboda agogon injin yake bi, wato siginar da ke daidaita saurin aikinsa, shi kuwa MM3 da nasa agogon na ciki yake aiki, wani lokaci sai ka sake kunnawa kafin ya kama. PsNee kuma manhajarsa a buɗe take ga kowa, ana ɗora ta a cif ɗin ATtiny85 ko ɗan bod ɗin Arduino, kuma in an gyara ta gobe za ka iya sake ɗorawa. Wancan tsohon 12C508 sau ɗaya ake rubuta masa abu, ba ya gogewa. Saboda haka babu zancen sabunta shi, cirewa ne kawai.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Ba bod ɗaya ba ne a cikin duk PlayStation 1. Ka juya injin ka karanta lambar SCPH. In 1001 ne ko 1002, PU-7 ko PU-8 ne a ciki. Jerin 5500 PU-18. Jerin 7000 PU-20, 7500 PU-22, 9000 PU-23, ƙaramin PSone kuma PM-41. Kowanne da wuraren da ake ɗora waya, kuma ba su yi kama ba. Amma kada ka tsaya a takardar da ke manne a ƙarƙashin injin, injin da ya shekara kusan talatin yana yawo hannu zuwa hannu, ana iya canja masa gida. Ka kwance, ka karanta lambar da aka buga a jikin bod ɗin da idonka. Lambar ƙarshe ta SCPH ma tana da magana, sifili Japan, ɗaya Amurka, biyu Turai. Yawancin na Japan da kuma SCPH-102 suna da bincike na biyu a cikin BIOS, wato manhajar da ke tayar da injin, wanda cif na gama-gari ba ya tsallakewa. Wannan sai cif mai taɓa BIOS ɗin, wayoyinsa kuma sun fi yawa.

Cire tsohon ya fi sa sabon haɗari, wallahi. Na taɓa buɗe wani PU-18 na tarar wanda ya yi aikin farko ya malala gam mai zafi a kan wayoyin, ya daskare ya yi ruwan ɗorawa. Na sa farce na ɗaga gam ɗin, sai ya taso da waya, wayar ta taso da ɗan farantin tagulla da take kai, ƙarami kamar kan allura, da guntun layinsa yana lilo. Zuciyata ta yanke. Sai da na ɗauki madubin ƙara girma na bi layin har inda ya shiga, na kankare koren fentin a hankali, na yi masa gada da siririyar waya. Injin ya tashi, amma ya ci mini yini guda. Da na ɗiga sifirit a gefen gam ɗin na jira minti biyu, da da kansa zai saki. Kai ma haka za ka yi. Sannan kowace waya ka sa mata fulos, wato man da ke sa dalma ya narke ya kama da kyau, ka ƙara mata ɗan sabon dalma, ka bari ya narke sosai, ita za ta zame. Kada ka ja.

Ayan ɗin ya zama mai siririn baki, zafi tsakanin digiri 320 da 350 na Celsius. Daƙiƙa biyu ko uku a kan wuri ya isa, in bai kama ba ka ɗaga, ka bari ya huce, ka ƙara fulos. Siririyar waya mai lamba 30 a ma'aunin kauri, a yanka ta gajere, musamman ta agogo in Mayumi ne, doguwa tana kwaso hayaniya. Ka fere bakinta kaɗan ƙwarai, ka shafa mata dalma tun kafin ta je bod. Da ka gama, kafin ka ba shi wuta, ka ɗauki mita ka gwada kowace ƙafa da maƙwabciyarta, ka tabbata layin wuta da layin ƙasa, wato giraun, ba su haɗu ba. Ka naɗe cif ɗin kada ya taɓa murfin ƙarfen da ke rufe bod.

Af, na manta da muhimmi. Babbar PlayStation 1 tana da bod ɗin wuta a ciki, a gefe. Ka zare filogi, kuma ko bayan ka zare kada ka sa yatsa a ƙarƙashinsa, babban kafasitan nan yana riƙe wuta. Wannan ba wasa ba ne.

Sai abu ɗaya da nake so ka raba da wannan. Ka ce wani lokaci bidiyon cikin wasa yana sarƙewa. Wannan ba cif ba ne, lens ne ya gaji. Na farko-farkon nan, layin da lens ke gudu a kai roba ne, yana cinyewa, shi ya sa za ka ga mutane suna kifa injin kafin ya karanta. Ka gwada da faifan asali mai tsabta. In shi ma yana sarƙewa, ko cif goma ka sa ba zai daina ba. Kuma kada kowa ya ce ka murɗa ɗan notin ƙarfin lens, yau zai karanta, bayan wata biyu ya mutu gaba ɗaya. In lens ɗin ya tafi, kuma bod ɗinka PU-18 ne, ka yi tunanin XStation, wanda ke maye gurbin faifai da katin SD. Amma aikinsa ya fi na cif wuya nesa ba kusa ba, akwai ɗaga ƙafafun wani cif na kan bod, ban ba ka shawarar ka fara koyo da shi ba.

In ba ka taɓa soda ba, nemi mataccen bod na rediyo ko tsohon DVD, ka ɗora waya ashirin ka cire su ba tare da ka ɗaga faranti ko ɗaya ba. Waɗannan injinan an daina ƙera su tun 2006, duk wanda ya lalace ya ragu ke nan, shi ya sa nake jin abin a raina.

Yanzu dai ka kwance notunan da ke ƙarƙashin injin, ka ɗauki hoton lambar bod ɗin, da hoton tsohon cif ɗin ta sama yadda wayoyinsa za su fito sosai, ka turo nan guruf. In na gani zan gaya maka wanda ya dace da shi da inda kowace waya za ta zauna.