Me ya sa wasu furannin Liatris suke neman ƙarewa alhali ana sayar da 'yan'uwansu?

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai karanta ilimin tsirrai. Na ga furen Liatris cikin damin furannin ado da ake sayarwa, sai kuma na karanta cewa gwamnatin Amurka tana ba shi kariya don kada ya ɓace. Yaya abin da ake nomawa don kasuwa zai zama abin da ake tsoron ƙarewarsa, kuma mene ne siffarsa da mazauninsa?

Amsa: Malama, duka maganganun biyu gaskiya ne, domin Liatris sunan dangi ne mai nau'o'i wajen 40, kuma asalinsu duka daga nahiyar Amurka ta Arewa ne. Wanda kika gani a kasuwa kusan tabbas Liatris spicata ne, mai sauƙin noma, amma waɗanda ake fargaba a kansu wasu ne daban. Amurkawa suna kiran dangin da wani suna mai ma'anar tauraro mai walƙiya.

Tsiron ɗan gidan shuwaka ne, kuma idan kin taɓa duba furen shuwaka da kyau za ki lura cewa kowane kai tarin ƙananan furanni ne masu siffar bututu, ba tare da faffaɗan ganyen fure a gefe ba. Haka Liatris yake, sai dai launinsa shunayya ne, kuma tsinken mace, wato sashen furen da ke karɓar garin barbara, yakan fito waje ya rabu biyu, abin da yake sa furen ya yi buzu-buzu kamar gashin tsuntsu. Kawunan suna jere a kan kara ɗaya miƙaƙƙe mai siraran ganye, kuma suna fara buɗewa ne daga sama su gangaro ƙasa, saɓanin yawancin furannin da ke jere a kara. A ƙarƙashin ƙasa akwai kai mai ajiye abinci irin na gwaza, wanda da shi tsiron yake tsallake sanyi da fari da gobara, ya sake tohowa.

A ganina, abin da ya fi muhimmanci ki riƙe shi ne cewa waɗannan tsirrai ba rauni ne ya sa suka yi ƙaranci ba, mazauninsu ne ya ƙuntata. Liatris helleri, wanda aka sa cikin jerin tsirran da ke fuskantar barazana a 1987, yana fitowa ne a tsagin duwatsu da bakin gangare a tsaunukan Blue Ridge na jihar Karolina ta Arewa, inda ƙasa ba ta da zurfi, iska kuma ba ta sassautawa. Tsawonsa bai cika wuce santimita 40 ba, kuma masana sun daɗe suna gane shi da gajartar gashin da ke kan ƙwayar irinsa. Abin takaici shi ne, irin dutsen da yake so shi ne inda masu yawon buɗe ido suke tsayawa don kallon kwari, sai su tattake shi ba tare da sun sani ba.

Labarin Liatris ohlingerae ya fi tayar mini da hankali. Ba a samunsa a ko'ina a duniya sai a tsakiyar jihar Filorida, galibi a kan wani tsohon tudun farin yashi da ake kira Lake Wales, cikin gundumomin Polk da Highlands, kuma tun 1989 yake cikin jerin waɗanda ke dab da ɓacewa. Kawunan furensa manya ne, a warwatse maimakon a cunkushe, malam-buɗe-littafi kuma shi ke kai masa barbara. Yawancin wannan tudu an mayar da shi gonakin lemo da unguwanni, sauran da ya rage kuma an daɗe ana hana shi cin wuta. Wutar da tsawa take tayarwa jefi-jefi ita ce take rage duhuwar kurmi ta bar filayen yashi a buɗe, kuma idan ta daina zuwa, inuwa takan rufe ƙananan tsirrai masu son rana. Saboda haka ne masu kula da wuraren, har da cibiyar bincike ta Archbold, suke cinna wuta da gangan bisa tsari.

Akwai kuma Liatris novae-angliae na arewa maso gabashin Amurka, wanda mafi yawansa yake filin ciyawa mai yashi na Kennebunk a jihar Maine. A can an gano cewa wuta tana rage tsutsotsin da ke cinye irinsa a cikin kan furen, don haka iri mai kyau yakan ƙaru bayan an ƙona filin.

Don karatunki, wanda ake sayarwa ya isa. Ki sa karan a ruwa, ki riƙa dubawa kullum yadda buɗewar take saukowa, sannan ki tsaga kai ɗaya ki kwatanta shi da na shuwaka a ƙarƙashin madubin ƙara girma.