Ɗalibaina Na Da Ra'ayi, Hujja Ce Babu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da rubutu a kwaleji, ajin 'yan shekarar farko. Duk sanda na ba su maƙalar muhawara, sai su cika shafi da "a ganina" da maganganun masana da suka kwaso daga intanet. Na gaji da gyara da jan biro. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?
Daga wata malama.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki ɗan ajiye jan biron tukuna. Yaran nan sun shekara da shekaru ana ba su maki kan maimaita abin da malami ya faɗa, ba a taɓa ce musu "kare maganarka" ba.

Ni da tsarin Stephen Toulmin nake farawa, masanin falsafar nan na Ingila da ya fitar da shi a 1958. Ya ce muhawara tana da da'awa, wato matsayin da mutum ke son a yarda da shi, tana da hujja, sannan akwai dalilin da ya ɗaure hujjar da da'awar. Wannan na ukun shi ne ɗalibai ke tsallakewa, kuma a wurinsa tunani yake.

Ki ɗauki jimla ɗaya daga takardar wani, ki rubuta a allo ba tare da suna ba. Misali: "A hana shiga aji da waya, domin ɗalibai suna latse-latse lokacin darasi." Ki tambaye su, "To, sai me?" Za su yi shiru. Ki daure, kada ki ba su amsa. Can wani zai ce ai duk abin da ke ɗauke hankali ya kamata a hana shi. Yawwa, dalilin da ke ɓoye ya fito. Yanzu a gwada shi: hira da abokin zama ma tana ɗauke hankali, za a raba kujeru ke nan? Mai duba ma'anar kalma a wayarsa fa?

Bayan haka ki sa kowa ya rubuta sakin layi guda yana kare ɓangaren da bai yarda da shi ba, da gaske, yadda mai wannan ra'ayin zai karanta ya ce lallai an fahimce shi. Da farko za su yi gunaguni.

Sai batun maki, wanda nake ganin ya fi komai nauyi. Idan ɗaliba ta saɓa miki amma hujjarta ta tsaya da ƙafarta, ki ba ta makinta cif, ki kuma karanta wa ajin takardarta.