Ku Tambaya Mu Amsa: Mu tara ne muna tashin jirgin rimot, ya za mu mai da abin kulob?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu tara ne a nan Zariya, ɗalibai da masu gyaran waya, muna haɗa ƙananan jirage da farin kwalin nan da ake sako firij a ciki mu sa ɗan inji da farfela mu tashe su da rimot. Matsalar duk inda muka je yara sai su cika wajen, satin da ya wuce ma jirgin ɗayanmu ya faɗa kan kwanon wani gida saura ƙiris a yi rigima. So muke mu zama kulob sosai, ta ina za mu fara? Daga wani mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara basira. Kafin ku fara maganar suna da tambari da wa zai zama ciyaman, ku nemo fili tukuna. Wallahi duk kulob ɗin da ba shi da fili nasa guruf ne kawai na WhatsApp. Fili a bayan gari, nesa da gidaje da wayoyin lantarki da titi, ku je da ƙafarku wajen mai gonar da mai unguwa ku gaishe su ku nuna musu jirgin su taɓa shi da hannunsu, in ya so a rubuta ranakun da za ku riƙa zuwa. Dipio na yankin shi ma ya san da zamanku, don yanzu mutum ya ga abu yana shawagi a kansa ba wasa yake fara kawowa a ransa ba.

Kuma ku a Zariya kuke fa, garin da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take tun 1964, jiragen ɗalibai suna yawo ƙasa-ƙasa, to ku yi nesa da wannan ɓangaren sosai, haka barikin soja. Tun 2016 NCAA, hukumar da ke kula da harkar jiragen sama a ƙasar nan, ta ce ba a tashin jirgi mara matuƙi a Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, saboda haka ku rubuta musu takarda da sunan ƙungiya ku ce ga abin da kuke yi. Tsayin da aka saba tsayawa a kai a ƙasashe da yawa ƙafa 400 ne, wajen mita 120, kuma kar jirgi ya ɓace wa idon mai tuƙinsa.

Maganar yara kuwa kar ku kore su, cikinsu ne membobinku na gobe suke. Ku ja igiya ko ku zuba toka a yi layi, 'yan kallo a baya, matuƙa a gaba, jirgi kuma can gaban kowa, ba a ratsa shi ta kan mutane ko da wasa. Duk ranar tashi a ɗora mutum ɗaya wanda ba zai taɓa rimot ba, aikinsa kallo kawai, in ya ce a sauka to a sauka ko ciyaman ne a sama. Nan ne ake samun gardama, don wanda ya fi kowa iyawa shi ya fi kowa son nuna bajinta a kan jama'a. Rimot na yanzu mai gigahaz 2.4 ba ya shiga wa na wani kamar na da, amma duk da haka kar ku wuce jirgi uku a sama lokaci guda, kuma mai tashi da mai sauka su ɗaga murya su faɗa.

Sabon shiga kar a miƙa masa rimot haka kawai, abin da ke sa jirgi hawa kwanon mutane kenan. Ya fara da manhajar koyo a kwamfuta, sannan a haɗa rimot biyu, na malami da na ɗalibi, ya rikice malamin ya karɓe nan take. Inda suke rikicewa shi ne in jirgi ya juyo yana fuskantar mutum, sai dama ta koma masa hagu. Tashi da sauka a fuskanci iska, lokacin hunturu kuma ku fita da sassafe kafin ta ƙarfafa.

Kuɗi: kowa ya riƙa zuba wani abu duk wata, ma'aji ya rubuta a littafi, a ware kaso na gyaran ɓarna. Manyan ƙungiyoyin masu tashin jirgin rimot irin AMA ta Amurka da aka kafa a 1936 inshora suke yi wa membobinsu, ku wannan asusun shi ne naku. Mai gidan nan ma ku koma ku duba kwanon, in ya lotsa ku gyara masa.

TAMBAYA: Malam batir ɗina na LiPo, irin wanda ake sa wa jirgin rimot, ya kumbura kamar burodi amma yana aiki, in ci gaba da shi? Daga Kano.

AMSA: A'a ɗan uwa, ajiye shi, wuta yake kamawa kuma ba ta mutuwa da sauƙi. Kowane gida na cikin batir ɗin, wato sel, bolt 4.2 ne in ya cika, in ka bari ya sauka ƙasa da 3 to ka lalata shi, in za ka ajiye na kwanaki ka bar shi wajen 3.8. Abin da ke kumbura shi yawanci zuƙe shi tas da barinsa cikin rana ko cikin mota a zafin nan namu. Kar ka huda shi wai iska ta fita, kar ka sa caji ka kwanta barci, ka yi cajin a kan siminti da bokitin yashi a kusa.