Burin da ya kamata mai buɗe makarantar taekwondo ya fara sa wa gaba

Ɗan'uwa, ka ce kana da baƙar ɗamara, wato shaidar ƙwarewa a wasan dabarun faɗa na taekwondo, kana son buɗe makarantar taekwondo a Kano, kana tambayar wane buri za ka sa don ta riƙe kanta har ta kawo riba.

Fara da lissafi. Haɗa kuɗin haya, wuta, tabarman atisaye da albashinka na wata, ka raba da kuɗin da ɗalibi ɗaya zai biya. Misali, idan kashewarka Naira 150,000 ce, ɗalibi kuma yana biyan 5,000, sai ka samu ɗalibai 30 kafin ka ga ko kwabo na riba. Wannan adadi shi ne burinka na wata shida na farko. Kada ka cire albashinka daga lissafin, don nan masu koyarwa da yawa ke cutar kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne riƙe ɗalibai. Yaro ya zo wata biyu ya ɓace, asara ce. Riƙa rubuta masu zuwa kullum, ka kira iyayen duk wanda ya yi sati biyu bai zo ba. Sa jarrabawar ɗamara, wato ta ƙara wa ɗalibi matsayi, duk wata uku ko huɗu, iyaye su zo su gani da idonsu. Lokacin darasi kada ya ci karo da Islamiyya, kuma ka ware kuɗin da zai ɗauke ka a watan azumi, lokacin da zuwa ke raguwa.

Yi rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ka nemi makarantu masu zaman kansu ka riƙa koyarwa a can. Ajin 'yan mata kuwa, sai da mace mai koyarwa.

Iyaye masu shakka, tuna musu Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar, wanda ya ci lambar azurfa a taekwondo a gasar Olamfik ta Rio a 2016.