Amsa kan na'urorin bibiyar shan maganin tarin fuka

Wa'alaikumussalam, 'yar'uwa. Kin tambaya ko kuɗin da ake zubawa a na'urorin bibiyar shan maganin tarin fuka kwalliya na biyan kuɗin sabulu. Na daɗe ina ba da maganin nan a ƙaramin asibiti, ga abin da na gani.

Maganin kyauta ne a Najeriya, amma wata 6 ake sha, kuma zuwa asibiti ba kyauta ba ne. Mai facin taya da za a ce ya riƙa zuwa yana haɗiya a gabanmu, ga kuɗin adaidaita, ga rufe wurin sana'a rabin yini. A nan na'urar ke da riba, kuma a aljihun mara lafiya ribar ta fi fitowa. A binciken da aka buga a Ingila a 2019, bibiya ta bidiyo, inda mara lafiya ke ɗaukar kansa a waya yana haɗiya, ta ci wa hukumar lafiya fam 1,645 ga mutum ɗaya, ta ido da ido sau biyar a mako kuwa fam 5,700. Sai dai a can Ingila, lokacin ma'aikaci ke da tsada, intanet kuma ba ta yawan yankewa.

Ƙara yawan masu warkewa fa? Nan ne nake jan hankalinki. Gwajin 99DOTS (tsarin da mara lafiya ke kiran wata lambar waya kyauta duk ranar da ya sha magani) a Yuganda a 2021, da na akwatin magani mai ƙara don tunatarwa a Sin a 2023, ba su nuna an fi warkewa ba idan aka lissafa kowa da kowa. Ban yi mamaki ba. Akwati buɗewa yake gani, ba ya ganin haɗiya. Masu yanke magani kuma ba mantuwa ce ta fi damunsu ba. Wani bayan wata biyu tari ya lafa, sai ya ɗauka ya warke. Wani yunwa, ƙwayoyin na wahalar da shi ga gida ba abinci. Wata kuwa ɓoye ciwon take wa dangin miji, akwati yana ƙara da asuba asirinta ya tonu, wayar ma tana hannun maigida. Wallahi irin waɗannan matan su suka fi tsaya mini a rai.

Don haka in ƙungiyarku za ta saya, kada a raba wa kowa. A ba na nesa da masu sana'ar da ba ta barin su zuwa, bayan an tambaye su ko suna so. Sannan tun a kasafi ku ware kuɗin kati da man babur, don ranar da kwamfuta ta nuna wane bai sha ba, a samu wanda zai kira shi kafin magariba, in bai ɗauka ba a bi shi gida washegari.