Ga ƙanwata mai shirin zuwa karatu Japan da goyo

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso, Allah ya sa a dace da wannan tallafin karatu na gwamnatin Japan da kika nema ta ofishin jakadancinsu na Abuja. Kin ce Baba ya amince ne saboda ya ji Japanawa mutane ne masu kunya da riƙon al'ada, ke kuma al'adar ce take tayar miki da hankali, don an gaya miki macen Japan ba ta da baki a gaban namiji, ko tafiya za su yi sai ta bi bayansa. Kika tambaya ko malamai za su kula matar aure mai goyo, da kuma yadda zaman zai kasance idan maigidan da yarinya suka biyo ki.

Shawarata ki zo. Sai dai ina so ki san tushen wannan al'ada, domin inda kike tsammanin za ta takura miki ba nan take cizo ba.

Japan ta dā ta san mulkin mata. Littattafan tarihin Sin sun ambaci sarauniya Himiko, wadda ta tura musu jakadu a shekarar 239, kuma mata takwas ne suka hau gadon sarautar ƙasar, daga Suiko a ƙarshen ƙarni na 6 zuwa Go-Sakuramachi a ƙarni na 18. A zamanin Heian, daga 794 zuwa 1185, a gidajen manya sau da yawa miji ne yake zuwa wajen matar a gidan iyayenta, a can ake renon 'ya'ya, kuma mace tana gadon gida da gona. Babban littafin adabinsu, labarin Genji, wata mace ce ta fada, Murasaki Shikibu, ta rubuta shi a farkon ƙarni na 11.

Abin ya fara sauyawa ne da mayaƙan samurai suka karɓe iko. Don kada ƙasar gado ta yi ta raguwa wajen rabo, sai aka riƙa tattara ta a hannun ɗa guda, rabon 'ya mace ya koma na iya rayuwarta, daga baya ya ɓace. A zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, aka haɗa wannan da koyarwar Konfushiyas, malamin falsafar nan na ƙasar Sin. Wani ɗan littafi mai suna Onna Daigaku da ya fito a 1716 shi ake koyar da 'yan mata da shi: mace ta bi uba tana yarinya, ta bi miji da ta yi aure, ta bi ɗanta idan ta tsufa. A ciki an jera dalilai bakwai na sakin mace, har da rashin haihuwa, kishi, yawan magana da rashin biyayya ga surukai. Saki a hannun miji yake, da 'yar takarda mai layi uku da rabi. Matar da ta gaji da zama, miji kuma ya ƙi rubutawa, tana iya gudu zuwa Tokeiji, wani gidan ibadar mata mabiya Buddha a Kamakura da aka kafa a 1285, ta zauna kimanin shekara biyu, aure ya mutu ko miji ya so ko ya ƙi. Na je wurin, yana kusa da tashar jirgin Kita-Kamakura. Matakalar dutse ce ake hawa zuwa wata 'yar ƙofa mai rufin ciyawa, kuma ana cewa idan an kusa cim mata, ko takalminta ta jefa ta saman ƙofar an ɗauka ta shiga. Har yau suna ajiye da takardun shari'o'in waɗannan mata. Na daɗe a tsaye a gabansu.

To amma samurai ba su kai kashi goma cikin ɗari na jama'a ba. Matar manomi tana cikin laka tana dashen shinkafa, tana kiwon tsutsar siliki, tana saƙa, kuma saki da sake aure ba baƙon abu ba ne a ƙauye. A gaɓar Toba mata ne masu nutso cikin teku su ciyar da gida. Attajiran Osaka kuwa idan sun ga 'yarsu da wani yaron shago mai hazaƙa, sai su aura masa ita, ya ɗauki sunan gidan ya gaji kasuwanci. Wannan ɗabi'a ba ta mutu ba: marigayi Osamu Suzuki, wanda ya daɗe yana jagorantar kamfanin Suzuki, ta aure ya shiga gidan ya ɗauki sunan.

Inda nake so ki tsaya ki duba shi ne shekarar 1898. A lokacin ne gwamnatin Sarki Meiji ta ɗauki tsarin gidan samurai ta mayar da shi dokar ƙasa a kan kowa, manomi da masunci da ɗan kasuwa. Sunan tsarin ie, wato gida. Kowane gida yana da shugaba a rajistar hukuma, galibi namiji, sai da yardarsa 'yan gida suke aure, kuma babban ɗa ne yake gadar shugabancin da dukiyar gaba ɗaya. Matar aure ba ta iya ƙulla wata babbar ma'amala ta kuɗi sai da izinin miji. Idan ta yi zina laifi ne na ɗauri, shi kuwa sai in da matar wani ya yi. Ke da kika tashi kina ganin ana raba gado a fitar wa mace nata kason za ki gane nauyin wannan. Amarya ta shiga gidan ne don ta haifa masa magaji, ta yi wa uwar miji hidima har ta rufe ido. Makarantun 'yan mata aka ɗora su a kan manufa guda, fitar da mace tagari kuma uwa mai hikima, alhali a daidai lokacin 'yan matan ƙauye ne suke kwana a masaƙun siliki da auduga da suka samo wa ƙasar kuɗin gina masana'antu. Dokar 'yan sanda ta 1900 ta hana mace ko halartar taron siyasa, sai 1922 aka sassauta.

Matan ba su naɗe hannu ba. Tsuda Umeko, wadda aka tura Amurka karatu a 1871 tana 'yar shekara shida, ta dawo ta buɗe makarantar mata a 1900, wadda yanzu jami'a ce. Hotonta ne a kan takardar yen 5,000 da aka fitar a 2024, za ki riƙe ta da hannunki. Ichikawa Fusae da 'yan uwanta sun yi shekaru suna neman a ba mata 'yancin jefa ƙuri'a. A zaɓen Afrilun 1946 mata suka fara jefawa, mata 39 suka shiga majalisa, sannan kundin tsarin mulki na 1947 ya ce aure sai da yardar su biyun, da haƙƙi daidai. Tsarin ie ya fita daga doka.

Daga zukata ne bai gama fita ba. Har yau doka ta ce ma'aurata 'yan ƙasa sunan iyali ɗaya za su ɗauka, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari matar ce take barin nata. Kotun ƙoli ta tabbatar da dokar a 2015 da 2021. Gimbiya Aiko, 'ya ɗaya tilo ga Sarki Naruhito, ba za ta gaji mahaifinta ba a dokar yanzu. A 2018 magajin garin Maizuru ya yanke jiki ya faɗi a da'irar kokawar sumo, mata suka ruga ceton ransa, aka yi shela su fita don mace ba ta taka wurin. A shekarar kuma aka gano Jami'ar Likitanci ta Tokyo ta daɗe tana rage makin 'yan mata a jarrabawar shiga, bisa tunanin in sun haihu za su bar aiki. Wannan ya ƙona min rai fiye da sauran, don yaran sun yi karatun, sun ci, aka zare musu a ɓoye. A Oktoban 2025 Sanae Takaichi ta zama mace ta farko firaminista, ita ma ba ta goyon bayan sauya dokar sunan.

A cikin gida kuwa macen Japan ba abar tausayi ba ce. A gidaje da yawa albashin miji hannunta yake zuwa, ita take yanka masa kuɗin kashewarsa na wata, ita take yanke maganar makarantar yara da sayen gida. Abin da take biya a kan wannan iko shi ne komai na gida a kanta yake, ita kaɗai. Da ƙarfe takwas na safe za ki gan ta a kan keke mai batir, yaro a gaba yaro a baya, jakar aiki a kwando. Ta riga ta dafa abincin tafiya da shi, ta rubuta sunan jariri a kan kowane kunzugu ɗaya bayan ɗaya, don haka gidan renon yara yake buƙata. Mijin sai goma na dare. Ba 'yar aiki, ba ƙanwar miji, ba maƙwabciyar da za ki miƙa wa goyo ta katanga. Da yawansu idan haihuwa ta matso sukan koma gidan iyaye, kamar yadda muke zuwa goyon ciki da wankan jego, ke kuma Mama tana Najeriya.

Nan ne al'adar za ta taɓa ki. Ba wanda zai ce ki durƙusa ko ki yi shiru a aji, hijabinki ba mai hana ki, kuma dare bai hana mace tafiya ita kaɗai a yawancin unguwanni ba, ko da yake a cunkoson safe akwai masu kai hannu, shi ya sa jirage da dama suke ware taragon mata. Amma ɗakin bincike an gina shi ne a kan ɗalibin da wata take dafa masa take yi masa wanki. Saboda haka kafin ki tsayar da malamin da zai duba aikinki, ki rubuta wa ɗalibansa, ki tambayi mata nawa ne a ƙarƙashinsa, ko wata ta taɓa haihuwa tana karatu, da ƙarfe nawa ake tashi. A Jami'ar Tokyo ma kusan ɗaya cikin biyar ne mata a masu digirin farko, a fannin injiniya kuwa kina iya zama ke kaɗai. Akwai zaman shan giya bayan aiki, inda a wasu wurare ake sa ran ƙananan ma'aikata, musamman mata, su zuba wa manya. Ki faɗa tun ranar farko cewa addininki ya hana, da murmushi, sukan karɓa.

Sai maganar maigida, wadda ta fi duka nauyi. Tallafin mai digiri na biyu wajen yen 144,000 ne a wata, lissafin mutum ɗaya. In ya biyo ki da bizar iyali, sai ya nemi izini kafin ya yi aiki, kuma awa 28 a mako ita ce iyaka. Gurbin gidan reno ta ofishin ƙaramar hukuma ake nema, na shigar Afrilu tun wajen Oktoba ko Nuwamba ake cike takardu, kuma ana fifita gidan da iyaye biyun suke aiki ko karatu cikakke. Ma'ana, watannin farko shi ne zai zauna da yarinya, ya yi cefane, ya ɗora tukunya, ke kina makaranta har dare. Ku zauna ku biyu ku yi wannan maganar ƙeƙe-da-ƙeƙe tun kuna gida, in da hali a gaban wani babba da yake jin maganarsa. In ya ga ba zai iya ba, gara ki fara zuwa ke kaɗai, ki kama ɗaki ki nemi gurbin renon, su biyo ki daga baya. Ki turo min sunan jami'ar da garin da zarar an tabbatar miki, in haɗa ki da 'yan uwa mata da suke kusa da wurin. Ki gaida Baba da Mama.